Batir sabo, amma kullum da asuba sai an tura motar

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Toyota Carina E da nake lodi da ita tsakanin Garwa da Pitowa. Batir sabo ne, bayan ƙaramar Sallah na saye shi. Amma da asuba in na murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun tablo, wato allon gaban direba, su dushe, sai yaran unguwa sun tura. In ta tashi kuwa, yini take lafiya lau, in kashe in tayar. Mai shago ya rantse ba laifin kayansa ba ne. Masana, ku agaza.

Mai Garaji, Marwa:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, ɗan'uwa. Ari mitar auna wuta wurin mai gyaran wutar mota. Batir da ya kwana a cike zai nuna volt 12.6, in ka ga 12.2 rabi ya tafi. Sannan ka tada inji ka sake aunawa: tsakanin 13.8 da 14.4 shi ne daidai. Ƙasa da 13, altanato, wato na'urar da ke cajin batir, ba ya caji, ko bel ɗin da ke juya shi ya saki ko gawayin da ke cikinsa ya cinye. Sama da 15 kuwa dafa batir yake, ga zafin Garwa na Afrilu a kai.

Matashi 237:
Ba sai da mita ba. Cire kan batir inji na aiki, in ta mutu altanato ne.

Mai Garaji, Marwa:
Kul, yaro! Wannan dabarar motocin kakanninmu ce. Carina E tana da kwamfutar inji, ƙarfin lantarki na hauhawa za ta ƙone, kuɗinta kuma ya fi na batir.

Baba Direba, Kusiri:
Ni dai tunda da rana tana tashi, altanato na aikinsa. Ɓarawon da dare yake zuwa. Bayan isha'i ka cire wayar negatif, da asuba ka mayar. In ta tashi bugu ɗaya, wani abu ke shan wuta: rediyo, fitilar but, ko diyod ɗin altanato da ke hana wuta komawa baya. Farin garin nan na kawunan batir kuma, wanke shi da ruwan kanwa ka ɗaure tamau.

Ɗan Garwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na cire, ta tashi bugu ɗaya. Rediyon da aka sa mini ne, kai tsaye aka jona shi da batir, bai bi ta makulli ba. Gobe zan kai a gyara.