Aikin kula da kwamfuta a manyan jami'o'i: ta ina ake shiga?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan zaure. Na gama HND a kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya, na yi bautar ƙasa. Ina son aikin kula da kwamfutoci da intanet a babbar jami'a, ABU ko ma ta waje. Ta ina zan fara?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Fara da ta ƙofar gida. Cibiyar Iya Abubakar ce jigon harkar kwamfuta a ABU, amma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da harabar jami'ar ta Kongo da cibiyar karatu daga nesa duk suna buƙatar mai hannu. Ka nemi CCNA ko CompTIA A+, wato takardun shaidar ƙwarewa a haɗa kwamfutoci da gyaransu. Takarda za ta kai ka ɗakin intabiyu, amma a can kebul za a miƙo maka a ce haɗa.

Maman Khalifa: Ƙanena, don Allah ka saurare ni. Duk wanda ya ce yana da gurbi a hannu, ka kawo kuɗi, ka guje shi. Haka wani ya yi wa autanmu, wai an samu gurbin wanda ya yi ritaya a wata jami'ar tarayya. Mahaifiyarmu ta sayar da tumakinta, ni na ɗauki adashi na cika. Har takardar kama aiki ya kawo, da hatimi da sa hannu. Yaro ya ɗinka sabon kaya ya tafi, ofishin rajistara suka ce ba su san da ita ba. Kuɗin bai dame mu kamar halin da yaron ya shiga ba, ya daɗe ba ya fita ko majalisa. In ba ka ga talla a jarida ko shafin jami'ar ba, kar ka ba da ko sisi.

Ɗan Samaru: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya.

Baban Sabon Gari: Ta waje kuma, jami'o'in Ingila irin su Oxford na sa tallarsu a jobs.ac.uk. Matsalar biza ce. A Afrilun 2024 an kai mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru fam 38,700 a shekara, ƙaramin ma'aikaci da wuya ya kai nan.

Na Tudun Wada: Mai HND ma a nan gida an daidaita shi da mai digiri ne, balle Oxford?

Injiniya: Malam, kar ka karya masa gwiwa. Wanda ya koya mini aiki HND gare shi.

Na Tudun Wada: Ban ce bai iya ba. A duba matakin CONTISS, wato tsarin albashin ma'aikatan jami'a, da ake ɗora kowa, sannan a yi magana.

Hajiyar Kongo: Ku biyun nan kullum sai kun tayar da wannan. Ɗana, ka je cibiyoyin jarrabawar JAMB ka nemi aikin wucin gadi, nan ake sanin mutane.

Ɗan Samaru: Na gode Hajiya. Injiniya, CCNA ɗin a Zariya ake koyo ko sai na je Kaduna?