Rage tsayin layuka a QTableView

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa manhajar lissafin kayan shago da Qt 6 (kayan aikin gina manhajoji), sai dai layukan teburin QTableView sun yi tsayi fiye da kima, har allon ba ya nuna layi ashirin a lokaci guda. Na kira setDefaultSectionSize (umarnin saita tsayin layuka) a kan verticalHeader (sashen gefen teburi mai kula da layuka) na ba shi fiksel (ɗigon allo) 18, amma tsayin bai sauka ba. A ina na yi kuskure?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Qt yana da mafi ƙarancin tsayi da yake lissafawa daga girman rubutu da salon manhajar, kuma duk lambar da ta gaza wannan iyaka yakan ɗaga ta zuwa gare ta. Saboda haka ka fara rage iyakar da setMinimumSectionSize, bayan nan ka sa 18 ɗin, domin idan ka juya jerin, umarnin ba zai yi aiki ba.

Amsa ta biyu:
Abin da ɗan uwa ya faɗa daidai ne. Ina ƙara jan hankalinka game da ResizeToContents (zaɓin da ke daidaita tsayin layi da kansa), wanda mutane ke gudu gare shi don sauƙi: yana auna abin da ke cikin kowane layi, kuma idan layukan suka kai dubbai, buɗe teburin zai yi nauyi sosai. Ka kuma duba cewa 18 ba ta yanke saman haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na gyara jerin, ya yi aiki, amma na tsaya a kan 22.