Abin da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya suka faɗa wa 'yan aji ɗaya

Galibi dai magana ɗaya suka yi ta nanatawa, kar ka yi wasa da zangon farko, domin CGPA ɗin (matsakaicin makin duk jarrabawoyinka) da ka tara a aji ɗaya shi zai yi ta binka har ka gama, kuma kwas ɗin GENS (darussan gama-gari) da ake rainawa shi ke jawo kariyoba, wato faɗuwa kwas har sai an maimaita shi. Lacca kuwa ka fita da wuri ko da sanyin Samaru na kaɗawa, in ba haka ba a bakin taga za ka tsaya kana leƙe. Kan zaman hostel ne aka rabu, wasu sun ce ya fi sauƙin kuɗi, wasu suka ce hayaniya ba ta barin karatu, gara a lazimci laburaren Kashim Ibrahim. Kuɗi kuma a fara sayen garin kwaki da taliya kafin data, wannan kam gaskiya ne.