Firam sun cika min shago, ya zan adana su?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina buga bajon makarantu da lambar rigunan ƙwallo a wani ɗan shago a Fagge. Firam, wato katakon da ake ɗaure wa raga a yi bugu da shi, sun taru, duk na jingine su a bango, stensil, wato zanen da fenti ke bi ta cikinsa, da nake yankawa da tsohon fim ɗin hoton ƙashi kuma suna cikin buhu. In makaranta ta dawo neman bajonta sai na birkice shagon kafin in gano nata, wani lokacin ma in tarar ragar ta huje. Ga damina ta ƙarato. A taimaka da shawara.

Wani mai bugu daga Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, jinginarwar nan ce ke huda maka raga, kusurwar wannan na tokarar cikin wancan. Sa kafinta ya haɗa maka kanta mai tsaga-tsaga, kowane firam ya shiga gurbinsa a tsaye, kuma ya ɗaga ta daga ƙasa saboda lema da gara. Katako in ya sha danshi karkacewa yake, raga ta saki, bugu ya riƙa fita da inuwa. A gefen katakon ka rubuta sunan makaranta da lambar raga mai nuna girman idonta, 43T ce ko 77T.

Wata mai lalle: Ɗan'uwa, fitar da stensil daga buhu tun kafin su nannaɗe. Ni fayil mai aljihun leda nake saye, kowanne da aljihunsa. Manya kuwa ka huda su ka rataye a ƙusa. Amma sai fenti ya bushe sarai, in ba haka ba mannewa suke.

Wani tsohon hannu: Yaro, duk sun faɗi gaskiya, sai dai me ya sa kake ajiye firam ɗin kowa? Fim ɗin zanen, wanda ake haskawa zane ya hau raga, shi ne dukiyar. Ka adana shi a ambulan, ka wanke ragar da Hypo ta karɓi sabon aiki. Masu dawowa kowane zango kaɗai ake bar wa nasu. Kuma kada ka ajiye raga da fenti a jiki, musamman mai ruwa, toshe idon raga yake. Firam ɗin da ka shafa wa maganin da ke kama zane a raga amma ba ka haska ba, sai cikin duhu.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Hypo ba ya cin ragar?

Tsohon hannu: Kada ka bari ya bushe a kai. Da maganin ya fara saki, ka ɗauraye da ruwa mai yawa.