Idan lamba biyu ya hau gaba, wa zai rufe bayansa?

Kocin yara, Kano: Salam 'yan uwa, duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ko a filin unguwa ne ya taimaka mana da abin da ya gani. Tim ɗina 4-3-3 muke bugawa, wato 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku, amma kusan duk ƙwallon da ake cinmu ta gefe take shigowa, da lamba biyu, wato ɗan bayan dama, ya hau sai a ƙwace a jefa bayansa. Aikin wa ne rufe wajen nan?

Tsohon lamba biyu, Zariya: Wslm koci. Ni na buga wajen nan kuma wallahi zagin da na sha ba kaɗan ba ne, ka hau ka kai kurosi a tafa maka, a ƙwace ƙwallo kana can kusa da kwana numfashi ya ƙare ka juyo ka hangi lamba sha ɗayansu, ɗan gabansu na hagu, shi kaɗai yana tafiya. Abin da ya gyara mana shi ne doka ɗaya, in na hau lamba uku, ɗan bayan hagu, ba ya hawa, sai ya matso ciki su zama uku da lamba huɗu da biyar, 'yan bayan tsakiya. Ba a hawa tare sam.

Lamba shida, Damagaram: Aikina ne wannan. Lamba shida, ɗan tsakiyar da ke gaban 'yan baya, ba ya bin ƙwallo, ido yake sawa a gurbin da aka bari, ni ko muna kai hari ba na wuce da'irar tsakiya sosai, in ɗan bayan dama ya tafi sai in karkata dama tun kafin ma a ƙwace. 'Yan kallo ba sa ganin wannan aikin sai ranar da ba ka zo ba. Ku tuna Mikel Obi lamba goma yake bugawa, wato ɗan tsakiya mai kai hari, a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, da ya je Chelsea Mourinho ya mayar da shi gaban 'yan baya kuma a nan ya daɗe.

Gola, Kaduna: Ni daga raga komai nake gani. Yawanci laifin lamba bakwai ne, ɗan gaban dama, a ƙwace masa ya tsaya ya ɗaga hannu yana jiran alƙali maimakon ya biyo. Kuma yara ba sa magana a fili, ni har muryata ke dishewa.

Lamba bakwai, Jos: Gola ka faɗi gaskiya amma in na dawo kullum har gidanmu da wane ƙarfi zan yanke mutum? Mu yadda muka yi, in babu ƙwallo a ƙafarmu ni da sha ɗaya mu sauko layin tsakiya mu zama biyar, lamba tara kaɗai ke saura a gaba yana damun masu tsaron bayansu, da mun ƙwata sai mu buɗe gefe-gefe har kan layi.

Ɗan Chelsea, Katsina: Koci in yaronka mai son hawa ne kuma yana da huhu ka gwada 'yan baya uku. A 2016 bayan Arsenal ta ci Chelsea 3-0 Conte ya koma 3-4-3 ya sa Victor Moses a dama Alonso a hagu, in za a kai hari su zama biyar a gaba in an ƙwace su dawo su zama biyar a baya, Kante da Matic na tsakiya, wasa 13 suka ci a jere suka ɗau firimiya. Ko wasan Najeriya da Iceland a gasar kofin duniya ta 2018 ai daga wannan wajen Moses ya kawo ƙwallon da Ahmed Musa ya ci ta farko. Mun gwada 'yan baya uku a gasar unguwa, ya yi mana, sai dai kafin a tashi yaron gefen ya galabaita dole aka canza shi.

Kocin yara, Kano: Na gode ƙwarai. Ba ni da yaro mai huhun Moses tukuna, don haka gobe a tirenin da dokar ɗaya ya hau ɗaya ya tsaya zan fara, lamba shida kuma zan zauna da shi daban.