Na'urar leƙa tumbi: shin haɗarinta ya fi amfaninta?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Zan kawo maganar da na san ba kowa ne zai yarda da ita ba. A ganina, duk asibitin da ba shi da ƙarfin wanke na'urar leƙa ciki yadda ƙa'ida ta tanada, yawan zura ta a cikin marasa lafiya da sunan neman sankarar tumbi ya fi kusa da cutarwa, kuma kuɗin da ake kashewa a kanta gara a mayar da shi kan gwaji da maganin Helicobacter pylori, ƙwayar cutar da ke zama a cikin tumbi. Hujjata ta farko daga Amurka take. A farkon 2015 asibitin jami'ar UCLA da ke Los Angeles ya sanar da cewa mutum 179 sun shiga haɗarin kamuwa da wata ƙwayar cuta mai bijire wa magani ta hanyar na'ura, bakwai sun kamu, biyu sun rasu. A Janairun 2016 rahoton wani kwamiti na majalisar dattawan ƙasar ya ƙirga aƙalla mutum 250 da suka kamu a irin wannan yanayi. Idan wannan ya faru a inda ake da kuɗi da wuta da ruwa, me ake tsammani a inda babu su? Hujja ta biyu kuwa, tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ƙwayar Helicobacter cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma ana gano ta da gwajin numfashi ko na bahaya ba tare da an zura wa kowa komai ba.

Dakta Bilkisu: Wa'alaikumus salam, Malam. Alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma na'urar da ta haddasa abin da ya faru a Los Angeles ba ita ce muke leƙa tumbi da ita ba. Waccan ana amfani da ita ne wajen shiga bututun maɗaciya daga farkon ƙaramin hanji, idonta a gefe yake, kuma a kanta akwai wani ɗan ƙarfe mai motsi da ke ɗaga kayan aiki, wanda a ƙarƙashinsa akwai lungun da buroshi ba ya kaiwa sosai. A nan ƙwayoyin suka ɓuya, shi ya sa a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci asibitoci su koma ga nau'in da ake cire kansa a jefar. Na'urar tumbi ba ta da wannan ƙarfen. Ban ce ba ta ɗaukar cuta ba, amma ɗora mata laifin 'yar'uwarta ba adalci ba ne.

Sannan ga abin da ya fi damuna a maganarka. Gwajin numfashi yana gaya maka ko mutum yana ɗauke da ƙwayar, ba ya gaya maka ko yana da sankara. Mutumin da ya zo yana ramewa, yana amai bayan cin abinci, jininsa ya yi ƙasa, bahayarsa ta yi baƙi, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, babu gwajin da zai maye masa gurbin a leƙa a gani, a tsinko gutsuren nama a kai ɗakin gwaji. Idan ka ba shi maganin ƙwaya da omeprazole mai rage ruwan tsamin ciki ka sallame shi, ciwon zai lafa na ɗan lokaci, ya ɗauka olsa ce ta warke, sai ya dawo bayan watanni abin ya riga ya bazu zuwa hanta.

Malam Nasiru: Ranki ya daɗe, ban ce a hana mai irin waɗannan alamomi na'ura ba. Maganata a kan masu ƙoshin lafiya ce da masu ɗan ciwon ciki marar alamar haɗari. A gundumar Linqu ta lardin Shandong a Sin, an fara wani gwaji a 1995 da mutum fiye da 3,000, aka bi su sama da shekara 22, aka tarar maganin ƙwayar na mako biyu ya rage kamuwa da sankarar da kusan rabi. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara ba al'umma magani tun 2004, kuma an samu raguwa ta fiye da rabi. Rigakafi kenan tun daga tushe, da kuɗin da bai kai na na'ura ɗaya da injin wankinta ba.

Dakta Auwal: Malam Nasiru, bari in sa baki a matsayina na wanda ke aiki da ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. A wannan gundumar ta Linqu an sake yin wani gwaji mafi girma, da mutum kimanin 180,000, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2024, kuma raguwar da aka samu ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba. Amfani ne na gaske, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma dalilin sananne ne tun lokacin da masani Pelayo Correa ya bayyana matakan cutar a 1975: kumburin bangon tumbi na tsawon shekaru, sai bangon ya siraɗe, sai ƙwayoyin halittarsa su rikiɗe su yi kama da na hanji, sai su fara lalacewa, sannan sankara. Wanda ya riga ya yi nisa a wannan hanya, kashe ƙwayar ba ya mayar da shi baya gaba ɗaya. Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Binciken da Holcombe da abokan aikinsa suka yi a yankin Maiduguri, wanda aka wallafa a 1992, ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna da alamar ƙwayar a jininsu. Idan za a ba duk mai ɗauke da ita magani a arewacin Najeriya, to kusan kowa za a ba magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu a lokaci ɗaya, alhali a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'in wannan ƙwaya mai bijire wa maganin clarithromycin cikin jerin masu buƙatar sabon magani. Wannan ma haɗari ne, sai dai ba a ganinsa da ido.

Hassana: Malamaina, ina da tambaya a matsayina na ɗaliba. Ba shi Holcombe ɗin ne ya ce ƙwayar ta yi yawa a Afirka amma sankarar tumbi ba ta da yawa ba? Idan haka ne, me zai sa mu damu da neman cutar da ba ta cika kama mu ba?

Dakta Auwal: Shi ne, kuma har yau ana jayayya a kan maganar. Wasu masana suna ganin akwai bambanci na gaske, ta fuskar nau'in ƙwayar ko abinci ko yadda garkuwar jiki ke amsawa. Wasu kuwa, irin su Agha da Graham a 2005, sun duba sakamakon leƙen ciki da aka yi a ƙasashen Afirka, suka ce idan an leƙa ana samun cutar, ƙarancin da ake gani na rashin bincike ne da rashin rajistar masu sankara. Ni na fi karkata ga na biyun, ko da yake ba na cewa yawanta a wajenmu ya kai na gabashin Asiya. Wanda ya rasu a ƙauye da ciwon ciki da rama, ba wanda ya rubuta sunan cutarsa a ko'ina.

Dakta Bilkisu: A gabashin Asiyan ne kuma aka fi samun hujjar amfanin na'urar. Koriya ta Kudu ta fara shirin tantance sankara na ƙasa a 1999, inda ake duba duk wanda ya kai shekara 40 sau ɗaya a shekara biyu. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa waɗanda aka leƙa da na'ura haɗarin mutuwarsu da sankarar tumbi ya ragu da kashi 47 cikin ɗari, alhali waɗanda aka yi wa hoton ciki da farin ruwan bariyom kusan babu wani bambanci. Japan ma ta shigar da na'urar cikin shirinta a 2016, ga masu shekara 50 zuwa sama. A waɗannan ƙasashe fiye da kashi 60 na masu cutar suna kaiwa shekara biyar a raye, domin ana kama ta tun tana saman bango, wani lokaci ma a kankare ta da na'urar ba tare da an buɗe ciki ba. A Amurka adadin yana wajen kashi ɗaya bisa uku. Na yarda da kai, Malam, cewa ba za mu kwafo shirin Koriya mu dasa a Kano ko Maraɗi ba, domin yawan cutar da yawan kayan aikin ba ɗaya ba ne. Amma ka lura Japan ba ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya ba, tun 2013 inshorar lafiyar ƙasar ke biyan kuɗin kashe ƙwayar ga masu kumburin tumbi, kuma sharaɗin shi ne sai an fara leƙawa da na'ura.

Sista Rakiya: Da izininku, ni ce ke wanke na'urar, don haka bari in faɗi inda gizo ke saƙa. Na'urar ba ta jure zafin tukunyar da ake turara kayan tiyata, saboda haka da magani ake tsarkake ta, kuma maganin ba ya aiki sai an riga an wanke ta da hannu. Da zarar an zaro ta daga bakin marar lafiya, nan take ake goge ta a zuƙi ruwan sabulu ta cikin bututunta kafin majina da jini su bushe. Daga nan a gwada ko ta huje, domin ƙaramin rami yana shigar da ruwa inda babu mai iya wankewa. Sai a nutsar da ita, a zura buroshi cikin kowane bututu har ya fito da tsabta, a ɗauraye. Bayan wannan ne kawai ake jiƙa ta a glutaraldehyde mai ƙarfin kashi 2 na aƙalla minti 20, kuma dole ruwan maganin ya cika bututun ciki, ba bayan na'urar kaɗai ba. Idan aka tsallake buroshin aka jefa ta cikin maganin, glutaraldehyde yana daskarar da ƙazantar ya manne ta a bango, ƙwayoyin su samu mafaka a ƙarƙashinta. Shi kansa maganin ƙarfinsa yana raguwa yayin da ruwa ke shiga cikinsa, shi ya sa ake gwada shi da takardar gwaji, ba a dogara da ranar da aka haɗa shi kawai ba.

Matakin da aka fi rainawa shi ne busarwa. Bututu mai laima da ya kwana, washegari ƙwayar cutar Pseudomonas ta yi gida a ciki, musamman idan ruwan ɗauraya na ƙarshe na famfo ne ko na tanki. Sai an hura iska ta ciki har ya bushe, a rataye na'urar a tsaye a kabad mai tsabta, ba a naɗe ta a mayar cikin akwatinta ba. Duk wannan aiki ba ya yiwuwa a minti goma. Na taɓa aiki a inda na'ura ɗaya ce tak, marasa lafiya kuma sun cika benci da azumi tun daren jiya, likita yana leƙowa yana tambaya ko ta shirya. A irin wannan matsi ne ake rage minti 20 ya koma biyar.

Malam Nasiru: To, Sista, ai kin ƙarfafa maganata ne. Kuma tsohon ƙiyasin nan na 1993 da ake yawan kawowa, wai kamuwa ɗaya cikin leƙe miliyan 1.8, an gina shi ne a kan abin da aka kai rahotonsa kawai. Binciken jami'ar Johns Hopkins na 2018 ya samu kamuwa da cuta kusan 3 cikin kowane 1,000 a cikin mako guda bayan leƙen tumbi.

Dakta Auwal: Tsohon ƙiyasin ya faɗi, wannan babu musu. Amma binciken 2018 ya ƙirga duk wata cuta da ta kai mutum asibiti bayan aikin, har da ciwon huhu na wanda ya shaƙi abin da ke cikinsa yana cikin mayen maganin barci, don haka ba duka ne na'ura ta ɗauko daga wani ta kai wa wani ba. Idan kuma aka bi manyan aukuwar da aka bincika, galibi ana samun matakin da aka tsallake. A Faransa an wallafa a 1997 yadda ciwon hanta nau'in C ya kama mata da miji bayan leƙen babban hanji, aka gano ba a zura buroshi a bututun ba, hantsakin tsinko nama kuma ba a turara shi ba. A Las Vegas a 2008, inda aka aika wa mutum kusan 40,000 sanarwar su je gwaji, sake amfani da sirinji da kwalbar maganin barci ne ya yaɗa cutar. Ita ma Helicobacter an tabbatar tana iya bin na'urar da ba a wanke sosai ba, wanda ke nufin asibitin da ke sakaci zai iya dasa wa mutum ƙwayar da ya zo a duba masa.

Dakta Bilkisu: Gaggawar da Sista ta ambata ba a ɗakin wanki kaɗai take ɓarna ba, a hannunmu ma tana yi. Nazarin da Menon da Trudgill suka wallafa a 2014 ya nuna cewa kusan kashi 11 cikin ɗari na masu sankarar maƙoshi da tumbi an taɓa leƙa su cikin shekara uku kafin a gano ta, ba a gani ba. A Singafo an samu a 2015 cewa likitocin da ke ɗaukar minti bakwai ko fiye suna gano sankara da matakin da ke gabanta ninki uku a kan masu hanzari. Sankarar farko ba ƙari ba ce mai tsayi, ɗan sauyin launi ne ko ɗan lotsawa a bango, sai an wanke kumfa, an hura tumbin ya buɗe, an juya na'urar an dubi sama. Kowane gyambon tumbi kuma sai an tsinko nama daga gefensa, a sake dubawa bayan makonni don a tabbatar ya warke. Saboda haka ina goyon bayan rabin maganarka, Malam: matashi mai ƙwannafi marar alamar haɗari, a yi masa gwajin bahaya a ba shi magani, kada ya tsare layi. Rage irinsa ne zai ba mu lokacin duba dattijon da ke ramewa da kyau, ya ba Sista lokacin wankinta.

Malam Nasiru: Wannan na karɓa. Abin da ban sauka daga kansa ba shi ne, asibitin da ba zai iya nuna rajistar wanki ba, wadda ke ɗauke da lambar na'ura da sunan wanda aka yi wa aiki da lokacin da ta shiga magani da lokacin da ta fito, bai kamata a bar shi ya ci gaba da aikin ba, ko da shi kaɗai ne a jihar.

Dakta Bilkisu: A nan ne har yanzu muka saɓa. Rufe ɗaki ɗaya tilo a jiha yana nufin mai aman jini ya yi tafiyar sa'o'i a mota, wasu kuma ba za su kai ba. Ni abin da zan nema shi ne a ƙayyade adadin marasa lafiya a rana gwargwadon yawan na'urori, a kuma ba shi wa'adin gyara.

Sista Rakiya: Idan za a ƙayyade, to a rubuta cewa mai wanki ke da ikon cewa na'ura ba ta shirya ba, kuma kada a hukunta ta a kan hakan. Sannan a sa kuɗin buroshi da takardar gwajin magani da tataccen ruwan ɗauraya cikin kasafin kowane wata, domin su ne ke fara yankewa, tun kafin a zo maganar sayen na'ura ta biyu.