Wane Lokaci Ya Fi Dacewa A Je Tromso?

Waɗanda suka san Tromso, can arewacin Norway, sun rabu gida biyu. Masu son ganin koren hasken nan da ke yawo a sama da daddare sun ce a je tsakanin Satumba da Maris, amma a guji ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, domin rana ba ta fitowa sam. Fabrairu ko Maris sun fi: ga ƙanƙara, ga ɗan hasken rana, sai dai a tanadi kayan sanyi masu kauri.

Masu son hawan duwatsu kuwa sun zaɓi Yuni da Yuli, lokacin da rana ba ta faɗuwa. Ni dai Maris na fi so, don a lokacin asuba da magariba suna fitowa sarai ga mai sallah.